Waƙar da kuke kira ta asali, ita ma sake rerawa aka yi

Jiya a wani zauren WhatsApp aka yi wa wani yaro ca, wai ya sake rera tsohuwar waƙa, don haka ɓarawo ne. Ina ta karanta zagin sai Unchained Melody ta faɗo mini a rai.

Wanda duk ya kalli fim ɗin Ghost na 1990 ya san ta, a wurin da ake ginin tukunya ɗin nan. Ka tambayi mutane ta waye, za su ce maka ta Righteous Brothers ce, wasu mawaƙa biyu 'yan Amurka. To ba tasu ba ce. Sai da waƙar ta shekara goma a duniya kafin su taɓa ta.

A 1955 Alex North ya tsara kiɗan, Hy Zaret ya rubuta baitocin, saboda wani ƙaramin fim mai suna Unchained kan zaman fursuna a Kalifoniya. Daga sunan fim ɗin ta samo nata, shi ya sa za ka saurare ta daga farko har ƙarshe ba ka ji kalmar unchained a ciki ba. Wanda ya rera ta a fim ɗin kuwa Todd Duncan ne, baƙar fata, gwanin opera. Yau wa ke ambatonsa?

A cikin shekarar nan kaɗai aka yi mata rubdugu. Les Baxter ya yi tasa da ƙungiyar makaɗa, ta hau saman jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Al Hibbler, makahon da ya taɓa waƙa da shahararren makaɗin jazz Duke Ellington, ya yi tasa. Roy Hamilton ya yi. A Ingila Jimmy Young ya kai ta lamba ɗaya. Duk a kasuwa ɗaya, lokaci ɗaya, kowa da masu sayensa. Abin da aka kiyaye shi ne, duk faifan da aka buga da sunan North da Zaret a jiki, kuɗinsu kuma yana zuwa. A nan nake rabuwa da 'yan zauren namu. Ka ɗauki waƙar wani ka ba ta muryarka, wannan sana'a ce tsohuwa. Inda sata take shi ne ka goge sunan mai ita, ka cinye haƙƙinsa, kana bugun ƙirji wai fasaharka ce. Shi yaron nan ma ba wanda ya tsaya ya duba ko ya ambaci mai waƙar.

Ita kanta ta Righteous Brothers ta 1965 ɗin da ake ji da ita, ba a ɗauke ta da daraja ba. A bayan faifai aka maƙala ta, waƙar gaba kuwa Hung on You ce, wadda furodusansu Phil Spector ya sa wa rai. Masu gabatar da shirye-shirye a rediyo suka juya faifan, suka yi ta saka ta bayan, har ta kai lamba 4. Kuma Bobby Hatfield ne shi kaɗai ya rera ta, duk da sunan su biyu ne a jiki. Abokinsa Bill Medley ya sha faɗa cewa shi ya haɗa aikin a ɗakin ɗaukar sauti, amma sunan Spector aka buga. Ka ga a nan ne ma ya kamata a yi maganar haƙƙi.

Da Ghost ta farfaɗo da ita, sai Righteous Brothers suka koma suka sake ɗaukar sabuwa, tsohuwa da sabuwa suka haɗu a jadawalin Amurka suna gogayya da juna. A Ingila kuwa sau huɗu ta hau lamba ɗaya a bakin mawaƙa daban-daban: 1955, 1990, sai Robson da Jerome a 1995, sai Gareth Gates a 2002. Na ƙarshen nan biyu, gaskiya ba su yi mini ba, ruwa-ruwa ne.

Ni dai ta Roy Hamilton nake kunnawa in dare ya yi. Ku nemo ta ku jera da ta Hatfield, ku saurari yadda kowannensu yake jan murya a ƙarshe, sannan ku dawo mu yi gardamar.