Bindiga ta yi shiru a Belfast, amma ba a daina binne matasa ba

A ranar 10 ga Afrilun 1998 aka sa hannu a yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen rikicin Ireland ta Arewa, wanda aka shafe kusan shekara talatin ana yi tsakanin masu son ci gaba da zama cikin Birtaniya da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland. Sama da mutum 3,500 aka kashe. Daga wannan rana zuwa yau, waɗanda suka kashe kansu a wannan ɗan yanki, da jama'arsa ba ta kai miliyan biyu ba, sun fi waɗanda harsashi da bam suka kashe yawa. A Belfast nake zaune, kuma nan kowa ya san wannan lissafi. Ni kuwa duk sanda na ji shi, hankalina Borno yake tafiya, da Yobe, da Zamfara.

Farfesa Mike Tomlinson na Jami'ar Queen's ya bi diddigin alƙaluman, ya gano cewa waɗanda abin ya fi cinyewa bayan sulhu su ne waɗanda suke yara ƙanana a shekarun 1970, lokacin da rikicin ya fi muni. Sun tsira daga yaƙin, sun girma, sun yi aure, sai daga baya abin da suka gani ya biyo su. To yaron da yake ɗan shekara goma lokacin da Boko Haram ta ci Gwoza da Bama a 2014, yau ya haura ashirin. Wa ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi yadda yake kwana?

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a duk inda aka yi yaƙi, mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kama daga ciwon damuwa da fargaba zuwa firgicin da ke dawo wa mutum da abin da ya gani. Mu ɗora wannan a kan mutum sama da miliyan biyu da rikicin arewa maso gabas ya raba da gidajensu. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, kuma wasunsu suna nan Turai tare da mu. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri yana iya ƙoƙarinsa, amma asibiti ɗaya ba zai ɗauke wannan kaya ba.

Mutanen Ireland ta Arewa sun makara, kuma su da kansu suna faɗa. Sai a 2006, shekara takwas bayan sulhu, gwamnati ta fito da tsarin hana kashe kai. Layin wayar Lifeline, wanda ake kira kyauta dare da rana, ya biyo baya. Abin da ya fi burge ni shi ne, talakawa sun riga gwamnati. Cibiyar WAVE, wadda yau take kula da waɗanda rikicin ya jikkata a jiki da zuciya, wasu mata da aka kashe mazajensu ne suka kafa ta a 1991, ana tsaka da harbe-harbe. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu a unguwannin arewacin Belfast su suka riƙa buga ƙofar 'yan siyasa har aka saurare su. Yau a tashar mota ko bangon makaranta za ka ga lambar da za ka kira idan duniya ta yi maka zafi, kuma ba wanda zai kai ka wurin 'yan sanda, domin tun 1966 aka daina ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi a nan.

A Najeriya har yanzu laifi ne. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa da sashe na 327 na kundin Kudu sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023 ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma waɗannan sassa biyu suna nan. Ina ganin wannan zalunci ne. Mutumin da Allah ya kuɓutar da ransa, maimakon a kai shi asibiti, sai danginsa su ɓoye shi don tsoron kotu da abin kunya. Pakistan ta soke irin wannan doka a 2022, Gana da Malesiya a 2023. Biyu daga cikinsu ƙasashen Musulmi ne, kuma soke dokar bai sa kowa ya ce kashe kai ya halatta ba.

Ban ce mu kwaikwayi Belfast kai tsaye ba. Ba mu da kuɗinsu, kuma duk da kuɗin, mutane a nan suna jiran watanni kafin su ga likita, wasu suna zaune su kaɗai a ɗaki ba mai leƙo su. Misalan da suka fi kama da halinmu suna wasu wurare. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari masu damuwa, su taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. A Peshawar ta Pakistan, garin da ya sha hare-hare, an gwada wani tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya na zama biyar kacal da mataimaki wanda ba likita ba, kuma ya yi aiki. A Ruwanda, bayan kisan ƙare dangi na 1994, an riƙa haɗa maƙwabta rukuni-rukuni suna zama duk mako, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna. Siri Lanka kuma, tana cikin yaƙin basasa, ta hana sayar da magungunan ƙwari masu tsananin guba, sai yawan kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari daga tsakiyar shekarun 1990.

Masu cewa mu ai muna da zumunci da addini, gaskiya suka faɗa, kuma ni shaida ne cewa wannan arziki ne da mutanen Belfast suka yi asarar da yawansa. Sai dai yaƙi zumuncin yake fara ci. Matar da ke sansanin 'yan gudun hijira, mijinta ya ɓace, surukarta tana wani gari, ƙawayenta kowa ta kama gabanta, wa za ta kai wa kuka? In ta buɗe baki, "ki yi haƙuri, ƙaddara ce" za ta ji. Haƙuri gaskiya ne, ƙaddara gaskiya ce, amma sau da yawa da waɗannan kalmomi muke rufe bakin wanda ya kamata mu bari ya yi magana. Wasu kuma a ce aljanu ne, a yi ta wahalar da su, alhali ciwo ne da ke da magani.

Don haka limamai da fastoci da ungozomomi da malaman makaranta su ne farkon waɗanda ya kamata a horar, tunda su ake fara zuwa wurinsu. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan asibiti a Ibadan da Kumasi, kuma marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Abin da za a koya musu ba shi da tsada: su gane alamun, kamar mutum ya janye jikinsa daga jama'a, ya daina barci, ya riƙa cewa ya zama kaya ga iyalinsa; su tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa wa kowa tunanin; su zauna da shi, su ɗauke abin da zai cutar da kansa da shi, sannan su raka shi asibiti. Jihohin da ke rufe sansanoni suna mayar da mutane garuruwansu su sa wannan horo cikin kasafin komawar, tare da rufin kwano da rijiyar burtsatse, kuma Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su soke sassan nan biyu.