Sharhi kan labarin fesa yis a gonar irin dankalin Turawa

Labarin nan da ya ce fesa ruwan yis na burodi kan ganyen dankalin Turawa yana ƙara masa ƙarfi ya zo mana a kan gaɓa, mu manoman rani na Katsina, domin kuɗin iri da na taki su ne ke karya mu tun kafin shuka ta fito. Maganar tana da tushe, domin yis na ɗauke da bitamin B da sinadaran da ke zaburar da tsiro, kuma masu bincike a Masar sun gwada shi a kan dankali.

Sai dai babbar damuwarmu ita ce lafiyar iri. Cutar bairos da darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye, ke yaɗawa tana zama a cikin dankalin, har ya riƙa ƙanƙancewa shekara bayan shekara, kuma yis ba ya warkar da ita, haka kuma ba zai maye gurbin taki ba. Ina roƙon cibiyar binciken dankali ta Kuru, kusa da Jos, ta gwada shi a ƙasarmu mai yashi lokacin hunturu, sannan malaman gona su faɗa mana ma'aunin da za a jiƙa da lokacin fesawa.