Gwajin Magani Ya Mutu A Hanya, Sai A Ce Laifin Majinyata Ne

Tun watan Nuwamban 2025 da mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ta fitar da alƙaluman nan, cewa gwaje-gwajen magani 383 sun rasa kuɗin da hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, take ba su, kuma mutum sama da 74,000 ne ke cikinsu lokacin da aka katse, likitocinmu da malaman jami'a suka samu abin tattaunawa. Kowa na tir da gwamnatin Trump, wadda ta katse kuɗin. Ni ma na yi tir. A sa mutum ya fara shan maganin da ba a gama sanin halinsa ba, sannan a janye masu kula da shi rana tsaka saboda siyasa, rashin imani ne.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda masu wannan kuka suke yi kamar yau aka fara. Gwajin magani ya daɗe yana mutuwa a hanya a asibitocinmu, tun Trump bai yi mafarkin mulki ba, kuma babu wanda ya taɓa kiran taron manema labarai a kai. Ana buɗe shi da hoto da jawabin shugaban asibiti. Bayan shekara guda ka tambaya, a ce maka ai an dakata tukuna. Bayan shekara biyu fayilolin sun koma sito. In ka matsa da tambaya, amsar da za ka ji daga asibitocin Kaduna har na Shika da ke Zariya iri ɗaya ce: "Ka san mutanenmu, ba su waye ba. Da sun ji an ce gwaji sai su gudu."

Wannan amsar ce nake so mu zauna a kanta, domin ta yi wa masu faɗinta daɗin baki da yawa.

A 2014 mujallar JAMA ta buga wani bincike da ya bi sawun gwaje-gwaje 1,017 da kwamitocin ɗa'a, wato masu ba da izinin yin bincike a kan mutane, suka amince da su tsakanin 2000 da 2003 a Suwizalan da Jamus da Kanada. Guda 253 ba su kai ƙarshe ba, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Babban dalili kuwa shi ne rashin samun isassun mutanen da za su shiga. A Suwizalan fa, inda babu wanda zai ce rashin boko ne ya hana su. Binciken ya kuma nuna wani abin da ya fi shafar mu: a gwaje-gwajen da kamfanonin magani suka ɗauki nauyi, kashi 8 da ɗoriya cikin 100 ne suka mutu saboda ƙarancin mahalarta, amma a waɗanda likitoci da asibitoci da jami'o'i suka shirya da kansu, adadin ya haura kashi 26. Ƙasashen ɗaya ne, jama'ar ɗaya ce, cututtukan ma kusan ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ya tsara aikin, da ko ya ajiye kuɗi da ma'aikata don a kai shi gaci. Kamfani na lissafin kowane kwabo, don haka ba ya buɗe gwaji sai ya ƙirga majinyatan da ke akwai, ya ɗauki ma'aikacin da ba shi da wani aiki sai bin su. Asibiti kuwa sai ya ɗora aikin a kan likitan da ya kwana a ɗakin haihuwa, ya ce ya riƙa yi in ya samu sarari.

Masu harkar sun daɗe da sanin wannan ciwo. Akwai abin da suke kira dokar Lasagna, sunan wani likitan Amurka, Louis Lasagna, wanda ya lura cewa majinyatan da mai bincike yake rantsuwa sun cika asibiti sukan ɓace ranar da aka buɗe gwaji, su sake bayyana ranar da aka rufe. Likita yana ganin masu hawan jini ɗari a wata, sai ya rubuta cewa zai samu ɗari uku cikin wata shida. Ya manta cewa wasu suna da ciwon suga da zai hana a ɗauke su, wasu masu juna biyu ne, wasu daga Birnin Gwari ko Saminaka suka zo kuma ba za su iya dawowa duk bayan mako biyu ba. Kuskuren lissafi ne tun daga kan takarda. In ya fito fili sai a bar jaki a koma dukan taiki.

In kuma ana son hujja ta gida, ga ta a cikin garin nan. Daga 2016 aka gudanar da gwajin da ake kira SPRING a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna. Yara 220 masu sikila, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'urar auna gudun jini a ƙwaƙwalwa ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Irin waɗannan yara, in aka bar su ba magani, kusan ɗaya cikin goma yakan gamu da shanyewar a kowace shekara. A Amurka ƙarin jini ake musu a kai a kai, tun bayan gwajin STOP da aka buga a 1998, wanda ya nuna ƙarin jinin na kare su. A nan kuwa wa zai iya nemo jini lafiyayye duk wata, shekara da shekaru? Don haka aka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya, aka raba yaran gida biyu: wasu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu a kullum, wasu 20. Iyaye Hausawa ne mafi yawansu, talakawan nan da ake cewa ba su waye ba, suka kawo 'ya'yansu, suka saurari bayani, suka amince, suka yi ta zarya sama da shekara biyu.

Wannan gwajin ma an tsayar da shi kafin wa'adinsa. Amma dubi yadda aka tsayar. An duba alƙaluma, aka ga yara uku ne suka samu shanyewar a rukunin ƙaramin awo, biyar a ɗaya rukunin, babu wani bambanci na a zo a gani, kuma ci gaba ba zai sauya amsar ba. Aka rufe, aka buga sakamakon a mujallar Lancet Haematology a 2022, har da bayanin cewa masu shan awo na biyu sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. A ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, wannan amsa ce da likitan ƙaramin asibiti a Kafanchan zai iya aiki da ita gobe. Cibiyar lafiya ta Jami'ar Vanderbilt ce ta tsaya wa aikin, kuɗin kuma daga NIH ɗin nan ya fito, abin da ya kamata ya sa shugabannin asibitocinmu jin kunya, ba tinƙaho kaɗai ba.

Ga masu cewa duk gwajin da aka tsayar to an gano guba ce ake ba mutane, jumla ɗaya ta ishe su: gwajin kaciyar maza a Kenya da Yuganda an tsayar da shi ne a Disambar 2006 saboda an ga kaciya na rage kamuwa da ƙanjamau da kusan rabi, har ya zama zalunci a ci gaba da hana sauran. Wani lokacin kuma cutarwar ce ake ganowa, kuma don haka aka kafa kwamitin sa ido tun farko. A Janairun 2011 an tsayar da gwajin FEAST a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, mai yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, bayan an ga waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa da sauri ta jijiya sun fi mutuwa: kusan kashi 10.5 cikin 100 a kwana biyu, a kan kashi 7.3 na waɗanda ba a yi wa ba. Abin da likitoci suka ɗauka ceto ne shekaru aru-aru, ashe ga irin waɗannan yara yana ƙara kisa. Tsayarwa irin wannan aikin ilimi ce. Da ita da gwajin da ya mutu don firiji ya lalace ko mai binciken ya samu aiki a Saudiyya, ba a haɗa su a kwando ɗaya.

Kuma in ma wasu iyaye suna ɗari-ɗari, wa ya koya musu? A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Kowa ya san rawar da wannan tabo ya taka a ƙin rigakafin shan inna na 2003. Uwar da ta ce ba za a mai da ɗanta zakaran gwajin dafi ba, tana da dalili, kuma dalilin nata yana da kwanan wata. Aikin mai bincike ne ya zauna da ita da mijinta, ya yi musu bayani da Hausar da suke ji, ba ya miƙa musu takardar Turanci mai shafi shida ya ce su dangwala yatsa ba.

To me ke kashe gwaji a asibitocinmu? Kowa a cikin gidan ya sani. Na farko, yajin aiki. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun shafe kusan wata biyu a gida, a 2022 ASUU ta yi wata takwas. Gwajin da aka tsara a auna jinin majinyaci a mako na 4 da na 8 da na 12 ba ya jiran a sasanta da gwamnati. In lokacin ya wuce, ya wuce. Sai kuɗi: wanda ya rubuta kasafinsa a farkon 2023 dala na wajen naira 460, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, alhali sinadaran ɗakin gwaje-gwaje yawanci daga waje ake sayo su. Sai kuɗin mota, wanda ya ninka bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Matar da ke Rigasa da ta daina zuwa, ba tsoron allura ya hana ta ba, kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa ne ya gagare ta, kuma babu wanda ya sa shi a kasafi. Sai ficewar likitoci zuwa waje. Sai kuma wanda ba a son faɗi: gwaje-gwaje da yawa ba don amsa wata tambaya aka fara su ba, don a cika sharaɗin jarrabawar zama babban likita ne ko ƙarin girma. Ranar da takardar ta fito, sha'awar binciken ta ƙare.

A cikin jerin nan duka, nuna mini wanda majinyaci ya jawo.

Abin da ya fi muni yana zuwa ne bayan mutuwar gwajin. A binciken nan na 2014, cikin gwaje-gwaje 253 da aka katse, 96 kacal aka sanar wa kwamitin ɗa'ar da ya ba da izini, kuma fiye da rabin waɗanda aka katse ba a taɓa buga sakamakonsu ba. A ƙasashen da ke da tsari ke nan. Mutum ya ba da jininsa, ya yarda a raba shi ta hanyar ƙuri'a, wataƙila ya sha ƙwayar da babu komai a cikinta, duk a kan alkawarin cewa abin da aka gano zai amfani na baya. In aka binne sakamakon, an ci amanarsa, ko da bai ji ko ciwon kai ba. Sannan bayan shekara uku wani likita a wani asibitin zai sake fara irin gwajin, ya faɗa ramin da na farko ya faɗa, domin babu wanda ya rubuta cewa akwai rami a wurin. Mutum 40 da aka samu maimakon 200 ba su isa a yanke hukunci ba, gaskiya ne, amma in aka fitar da bayanansu ana iya haɗa su da na wasu wurare su yi amfani. A cikin sito kuwa gara ce kawai za ta amfana.

Ba dokoki muka rasa ba. Sanarwar Helsinki, wadda likitocin duniya suka ɗaure kansu da ita tun 1964 kuma aka sabunta a 2024, ta ce dole a bayyana sakamako ko da bai yi daɗi ba, ko bai kai ga matsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a saka taƙaitaccen sakamako a rajista cikin wata 12 da kammalawa. Muna da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa tun 2007, da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken, wato NHREC, ga NAFDAC da ke ba da izinin gwajin magani, ga rajistar gwaje-gwaje ta nahiyar Afirka da ake shiga kyauta. Kowane asibitin koyarwa yana da kwamitin ɗa'a. Sai dai kwamitocin sun fi ƙwarewa wajen karɓar kuɗin fom da buga hatimi a ranar farko. Nawa ne a cikinsu ke ɗaga waya bayan shekara su tambayi mai bincike ina aka kwana, mutum nawa ya samu, waɗanda ya fara ba magani wa ke duba su yanzu?

Masu cewa ai asibitin gwamnati da ke fama da kuɗin dizal ba shi da halin wannan bin diddigi, su sani cewa wanda ba zai iya kai gwaji ƙarshe ba, babu wanda ya tilasta masa farawa. Asibitin da ya sa sunansa a matsayin mai ɗaukar nauyi ya ɗauki amana ne, ba ado a rahoton shekara ba.

Gyaran bai kai wahalar da ake zuzutawa ba. Kada a buɗe gwaji sai an nuna majinyatan da ake da su a zahiri, da kuɗin da zai kai shi ƙarshe, har da kuɗin motar mahalarta. In ya tsaya, a kira mutanen a faɗa musu dalili, a ci gaba da duba su, a fitar da abin da aka samu komai ƙanƙantarsa. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, da ma'aikatar lafiya ta jiha su daina ba da sabon kuɗi ga wanda bai kawo bayanin na baya ba, kwamitin ɗa'a kuma ya hana shi sabon izini. Na san inda gizo ke saƙa: ranar da aka fara aiki da wannan sharaɗi, cikin waɗanda zai fara kamawa har da wasu farfesoshin da ke zaune a kan kujerun kwamitin.