Yadda Birnin Bogota Ya Ƙwace Mini Numfashi

Birnin Bogota, hedkwatar ƙasar Kolombiya, yana zaune ne a kan wani shimfiɗaɗɗen tudu na tsaunukan Andes, mita 2,640 sama da teku, kuma duk mai niyyar zuwa buɗe ido a can ya kamata ya haddace wannan adadi kafin ya haddace sunan kowane gidan tarihi. A irin wannan tsayi, abin da huhu yake samu a kowane numfashi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba, yanayin garin kuma ba ya cika yin nisa da digiri 14 duk tsawon shekara. Ɗan yayata, wanda yake karatun digiri na biyu a can, ya rubuto mini wannan bayani kafin in taso, har ya ja layi a ƙarƙashin maganar rigar sanyi. Ni kuwa da na duba taswira na ga garin dab yake da layin ikwaita, sai na yanke hukuncin cewa yaran zamani ragwaye ne, na cika akwati da shadda mara nauyi.

Sakamakon wannan hukunci shi ne washegarin saukata na sayi ruana, wato bargon ulu mai huda a tsakiya da mutanen yankin suke zura kai a ciki, na ɗora shi a kan jamfa, na kafa hulata zanna, muka nufi tsohon gari da ake kira La Candelaria. A yankin ne jagoran mayaƙan Sifaniya Gonzalo Jiménez de Quesada ya kafa birnin a 1538, kuma har yau lungunansa suna cike da gidaje masu jan rufin ƙasa da barandar katako. Tsakiyarsa ita ce Dandalin Bolívar, inda babbar majami'a take gabas, majalisar dokoki take kudu, ofishin magajin gari yake yamma, ginin kotun ƙoli kuma yake arewa, a wurin tsohon ginin da 'yan tawayen M-19 suka mamaye a 1985 har aka yi asarar rayuka da yawa. A tsakiya akwai mutum-mutumin Simón Bolívar, jagoran yaƙin ƙwato 'yancin ƙasar, da aka kafa tun 1846, amma masu mulkin dandalin na haƙiƙa tattabaru ne, kuma ba su san kunya ba.

Wani dattijo mai sayar da masara ya miƙo mini ƙullin leda, na karɓa saboda ladabi, kafin in gama laluben kuɗi ledar ta yage, masarar ta zube a cikin ninkin bargon da nake sanye da shi. Ban san inda tattabarun suka fito ba. Wasu suka sauka a kafaɗata, wasu suka shiga tonon bargo, wata ƙatuwa kuma ta zaɓi ƙoƙon hulata ta zauna kamar an naɗa ta sarauta. Na kira yaron nan ya kawo agaji, sai na hango shi ya ja da baya yana gyara waya, yana cewa, "Kawu, don Allah kada ka motsa, hasken ya yi daidai." Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasu Turawa masu yawon buɗe ido da suka jeru suna ɗaukata hoto, ɗayansu har ya matso da tsabar kuɗi a hannu, domin a dandalin akwai masu tsayawa da dabbar lama ana biyansu kuɗin hoto, shi kuma ya ɗauka ni ma sana'ata ke nan.

Daga nan muka taka zuwa Gidan Tarihin Zinariya, wanda a ganina shi kaɗai ya isa dalilin zuwa garin. Babban bankin ƙasar ne ya fara tara kayan a 1939, yanzu kuma akwai kayan zinariya fiye da 30,000 da maƙeran Muisca da Quimbaya da Tairona da sauran al'ummomi suka ƙera tun kafin zuwan Sifaniyawa: abin hanci, abin ƙirji, fuskokin rufe gawa, da 'yan ƙananan kwaɗi da jemagu waɗanda sai an sunkuya ake ganin aikin da ke jikinsu. Abin da kowa yake layi a kansa shi ne wani ɗan jirgin fito na zinariya wanda tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, da manoma suka tsinta a cikin kogo a Pasca a 1969. Yana nuna sarki a tsaye da fadawansa, kuma ana danganta shi da bikin naɗin sarauta a tafkin Guatavita, inda ake shafe sabon sarki da garin zinariya, a kai shi tsakiyar ruwa, ya zuba zinariya da zumurrudu a matsayin baiko. Labarin wannan biki ne ya haifi tatsuniyar El Dorado, wadda ta sa Sifaniyawa suka sare gefen tafkin a ƙarni na 16 don su rage ruwansa, wani kamfanin Ingila kuma ya zuƙe shi a farkon ƙarni na 20, sai lakar ta bushe ta ƙanƙare ta hana su abin da suka zo nema. Na daɗe ina yi wa waɗannan mutane dariya a zuci, ban san tawa tana jirana a bene na sama ba.

A can akwai wani ɗaki mai zagaye da ake shigar da mutane rukuni-rukuni, a rufe ƙofa. Muna shiga sai duhu ya rufe ko'ina. Ni da na saba da irin wannan lamari tun ina yaro, ban ɓata lokaci ba, na zaro waya na kunna tocila, na ɗaga ta sama domin amfanin jama'a, na kuma ce wa na kusa da ni su kwantar da hankali, yanzu za a tayar da janareta. Yaron nan ya damƙe hannuna yana raɗa, "Kawu, kashe, da gangan ne!" Ashe duhun yana cikin shirin, domin a hankali ake sakin haske tare da sautin waƙar baiko, sai dubban kayan zinariya su bayyana a jikin bango ta kowace fuska. Mutanen Bogota suna da kawaici, babu wanda ya ce uffan, sai wata tsohuwa da ta dafa kafaɗata a bakin ƙofa ta faɗi wata magana da yaron ya ƙi fassara mini har yau.

Wurin da na samu sanyin zuciya shi ne gidan zane-zanen Fernando Botero, wanda ya ba ƙasarsa kyautar ayyukansa 123 da guda 85 na wasu mashahuran masu zane a shekarar 2000, kuma shiga kyauta ne. A wurin Botero komai mai ƙiba ne: shugaban ƙasa, limamin coci, doki, kyanwa, har lemo da ayaba. Na tsaya a gaban wani hoton iyali na tura wa uwargida, wadda ta shekara tana yi mini wa'azi a kan tumbi, na rubuta mata cewa ga ƙasar da ake rataye irinmu a bango ana layi don a gan mu. Amsar da ta aiko ba ta shafi fasahar zane ba.

Hawan dutsen Monserrate shi ne abin da aka ajiye mini a ƙarshe. Dutsen yana gabas da birnin, ƙololuwarsa mita 3,152, da farar majami'a a kansa wadda ake hangowa daga kusan kowace unguwa, har mutanen garin suna gane gabas da shi idan lissafin tituna ya rikice musu. Akwai hanyoyi uku na hawa: ƙaramin jirgin ƙasa da ake ja da igiyar ƙarfe, wanda yake aiki tun 1929, da motar da take tafiya a rataye a sararin sama, wadda aka buɗe a 1955, sai kuma hanyar ƙafa mai matakala kimanin 1,500. Yaron ya nufi wurin sayen tikiti, na tsayar da shi, na tuna masa cewa kawunsa ya hau Dala da Goron Dutse a yini ɗaya tun ba a haife shi ba. Ya ce, "Kawu, wannan fa ba Dala ba ne." Na ce masa dutse dutse ne.

Farkon tafiyar ni ne a gaba, ina ba shi tarihin ƙuruciyata. Ba mu yi nisa ba tarihin ya fara fita kalma-kalma, daga baya ya tsaya gaba ɗaya, domin na lura cewa ko dai in yi magana ko in yi numfashi, ba za a haɗa biyun ba. Na shiga tsayawa a kowace kwana ina nuna kamar shimfiɗar birnin nake sha'awa, alhali ba na ganin komai sai taurari da rana tsaka. 'Yan wasan motsa jiki suka wuce mu da gudu, wannan bai dame ni ba. Masu ziyarar ibada suka wuce, wasu ba takalmi, na ce niyyarsu ce ta ɗauke su. Amma da wata gyatuma mai sanda ta wuce ni, ta waiwayo ta yi mini alama da hannu cewa in daure, sai na zauna a kan dakali na ce wa yaron ya rubuta wasiyya. Maimakon haka ya sayo mini ruwan mazarƙwaila mai zafi a wata rumfa, an jefa yankin cuku a ciki yana narkewa. Na tambaye shi ko faɗawa cukun ya yi, ya ce haka ake sha, kuma haka suke yi wa ruwan cakulan ma. Na shanye tas ban ƙara tambaya ba.

Da muka kai sama, bayan la'asar ta kusa, gajimare ya janye, sai ga birnin mutum kusan miliyan 8 a shimfiɗe har iyakar gani, da jan bulo na unguwanninsa, da dogayen benaye na tsakiyar gari, da dutsen Guadalupe a gefe ɗauke da farin mutum-mutumi a kansa. Gaskiya wurin ya cancanci a je, kuma ina ba kowa shawara ya je, da tikiti a hannu. A motar sama muka sauko, na rufe ido tun daga tashi har sauka, saboda haka ba ni da bayanin da zan bayar a kan wannan ɓangare.

Da dare, muna shan miyar ajiaco ta kaza da masara da dankali iri uku, yaron ya kawo maganar majami'ar gishiri ta Zipaquirá, wadda aka sassaƙa a cikin mahaƙar gishiri, kimanin kilomita 50 arewa da birnin. Na ajiye cokali na yi masa tambaya ɗaya tak, wato hawa ake yi ko gangara. Ya rantse mini cewa gangara ce, mita 180 a ƙarƙashin ƙasa, na ce to a shirya mota. Sai da muka bar gari, mota ta ɗauki hanya sosai, sannan ya juyo ya ce, "Af, Kawu, na manta ban gaya maka ba, da ƙafa ake fitowa."