Duk wanda ya yi hayar jirgi a Seychelles ya ɗauki matuƙi ɗan ƙasa

Tun jiya da dare raina yake a ɓace saboda shawarar da wani Alhaji ya bai wa jama'a a rubuce, wadda na tabbata mafi yawanku kun karanta, tunda mutum huɗu ne suka turo mini ita kafin sallar isha'i. Ya ce duk wanda zai yi hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska domin hutun mako guda a tsibiran Seychelles da ke tekun Indiya kada ya yarda a haɗa shi da matuƙi, wai kuɗin matuƙi asara ce, wai horon kwana biyar da shi ya samu ya wadatar wa kowane mai hankali. Alhaji babba ne a wurina kuma ina ganin girmansa, amma wannan shawara ce mai cutarwa, kuma girmansa ne ma ya sa nake tsoron mutane za su bi ta. Ina roƙon duk wanda Allah ya hore masa wannan tafiya ya ɗauki matuƙi ɗan ƙasar, kuma idan ya ɗauke shi ya saurari maganarsa.

Abin da na gani da idona ne ya sa nake wannan magana. A watan Oktoban bara mu takwas muka haɗa kuɗi muka ɗauki irin jirgin nan mai gangar jiki biyu da ake kira katamaran, mai ɗakin kwana huɗu, muka tashi daga Mahe, babban tsibirin da Victoria, babban birnin ƙasar, yake kansa, muka nufi tsibirin Praslin, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba. A rana ta uku mun tsaya kusa da tsibirin Curieuse, ana gab da la'asar, sai wani jirgin haya irin namu ya shigo, babu ɗan ƙasa ko ɗaya a cikinsa. Matuƙinmu, mutumin Praslin mai furfura wanda muke kira Kyaftin, ya miƙe yana ɗaga musu hannu yana nuna musu inda rairayi yake, amma ba su kula shi ba, suka saki anka, wato ƙugiyar ƙarfe mai nauyi da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya, a inda ruwan ya yi duhu. Da safe da suka zo tafiya ankar ta maƙale, suka yi ta ja da ƙarfin inji har muka ji ƙarar sarƙar tana gurzar ƙasan teku, daga ƙarshe ta fito da ɓallin murjani mai girman ƙwarya. Suka ɗaga shi suna dariya, suka ɗauki hoto, suka jefa shi cikin ruwa suka yi gaba. Kyaftin bai ce uffan ba. Ya zauna a bakin jirgi yana kallon wurin na tsawon lokaci, shayin da aka zuba masa ya huce a hannunsa.

Da yawa daga cikinmu mun san murjani ne a wuyan iyayenmu mata, don haka muna ɗaukarsa dutse. Alhali kuwa halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da suke gina gidansu a hankali, kuma irin dunƙulallen nan yana ƙaruwa ne da kimanin santimita ɗaya a shekara. Abin da waɗancan mutane suka ɓalle cikin minti goma ya ɗauki fiye da shekara goma yana girma. Ɓarnar kuma ba ta tsaya a inda anka ta faɗi ba. Ƙa'idar ajiye jirgi ita ce a saki sarƙa mai tsawon ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwa, wato a zurfin mita 8 za a saki kusan mita 40, kuma duk lokacin da iska ta juya cikin dare jirgin yana kewayawa, sarƙar tana sharar ƙasan teku kamar tsintsiya, tana kakkarya duk abin da ta tarar. Wanda ya san wurin yana gane rairayi daga launin ruwa, domin inda ruwan ya yi haske garau rairayi ne, inda ya yi duhu ko ruwan ƙasa kuwa murjani ne ko dutse ko ciyawar teku, kuma wannan karatun ruwa yana yiwuwa ne idan rana tana sama. Shi ya sa Kyaftin yake matsa mana mu isa masauki da wuri. Horon kwana biyar ba ya koya wa mutum wannan, shekaru ne suke koyar da shi.

Na ga masu kare Alhaji suna cewa ai zafin teku ne yake kashe murjani, anka ɗaya ba za ta yi komai ba. Gaskiya ne cewa a 1998 ɗumamar ruwa ta kashe kusan kashi 90 cikin 100 na murjanin da ke kewaye da manyan tsibiran Seychelles, kuma a 2016 an sake samun irin wannan masifa. To, wannan hujja ce a kansu. Wanda ya tashi daga doguwar jinya ai ba a ture shi a ce dama can ba shi da lafiya. Ɗan abin da ya tsira shi ne irin da ake sa ran zai sake yaɗuwa, shi ne kuma ake sakar wa ƙarfe a kai. Kuma maganar anka ɗaya ba ta taso ba, domin jiragen haya suna shiga waɗannan lunguna kowace rana ta Allah, kowane kuma yana ganin tasa ce kaɗai.

Wasu kuma sun ce akwai na'urar da ke nuna taswira da zurfin ruwa, don haka babu buƙatar mutum. Na'urar tana da amfani, mu ma mun yi aiki da ita, amma ba ta san cewa daga watan Mayu zuwa wajen Satumba iska tana kaɗawa da ƙarfi daga kudu maso gabas, daga Nuwamba zuwa Maris kuma tana juyowa daga arewa maso yamma, ta yadda gaɓar da ta kasance mafaka a wannan wata za ta zama wurin da igiyar ruwa ke bugawa a wancan. Gaɓar Anse Lazio da kowa yake sha'awar hotonta a Praslin tana kwance lafiya lokacin iskar kudu, amma idan iskar arewa ta fara, wanda ya kwana a wurin zai gane kurensa. Waɗannan tsibirai na dutse ne mai tauri, akwai manyan duwatsu da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa kaɗan, kuma ba banza ba yawancin kamfanonin haya suke hana tafiyar dare. Mutumin da ya taso a wurin yana kallon gajimare a kan tsauni ya ce a rage ƙyallen da ke kama iska tun kafin iskar ta iso. Na ga Kyaftin ya yi haka tsakanin Praslin da tsibirin La Digue sararin sama yana garau, muna ganin kamar ya cika tsoro, kafin rabin sa'a ruwan sama da iska suka rufe mu har muka daina ganin tsibirin da ke gabanmu. A cikin jirgin akwai mata uku da yara biyu.

Sai masu cewa kuɗinsu ne, sun biya, babu wanda zai faɗa musu inda za su tsaya. Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona mini rai. Abin da aka biya kuɗinsa shi ne jirgi na kwana bakwai, tekun kuwa na mutanen da ke rayuwa da shi ne. Seychelles ƙasa ce mai tsibirai 115 da jama'ar da ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, kuma yawon buɗe ido da kamun kifi su ne ginshiƙan abincinsu. Tun 1973, shekara uku kafin su karɓi 'yancin kai daga Birtaniya, aka keɓe ruwan da ke kewaye da tsibirin Sainte Anne a matsayin wurin da doka ta kare, aka bi da na Curieuse a 1979. A 2018 sun ciwo bashin dala miliyan 15 musamman domin kula da teku da kamun kifi, a 2020 kuma suka sanar da sanya kashi 30 cikin 100 na ruwan ƙasarsu ƙarƙashin kariya. Ƙaramar ƙasa ta ɗauki wannan nauyi a kanta, sannan baƙo ya zo na mako guda ya ce shi ya biya. A wasu wuraren ma an kafa ƙwallaye masu shawagi da aka ɗaure a ƙasan teku domin jirgi ya ɗaura igiyarsa ba tare da ya saki anka ba, kuma ɗan ƙasa ya san inda suke, ya san wanda igiyarsa ta tsufa.

Misalin da ya fi ratsa ni shi ne na ɗan tsibirin Cousin. A 1968 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya ta saye shi saboda wani ƙaramin tsuntsu da bai fi talatin da suka rage ba a duk duniya, kuma yau ya yawaita har an kai shi wasu tsibirai. Babu ɓera a Cousin, saboda haka ba a barin baƙo ya kai nasa ƙaramin kwale-kwale gaɓa. Ma'aikatan wurin ne suke zuwa da nasu su ɗauko mutane daga jirginsu, domin ɓera guda mai ciki da ta ɓuya a cikin kaya ta isa ta rushe aikin fiye da shekara hamsin. Mu ba mu san wannan ba, har ɗaya daga cikinmu ya fara kwance kwale-kwalenmu, Kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya yi masa bayani cikin natsuwa. Da mun bi shawarar Alhaji, da mu ne za mu aikata wannan kuskure da kyakkyawar niyya.

Uzuri ɗaya kawai na ji wanda nake ganin yana da nauyi, shi ne na masu cewa ba za su sake ba idan namiji baƙo yana kwana a jirgi ɗaya da iyalinsu. Na fahimci wannan sarai, domin mu ma mun tattauna shi kafin mu tashi. Amma a irin waɗannan jirage matuƙi yana da ɗan ɗakinsa a can goshin jirgi, mai ƙofa ta sama daban da ta sauran ɗakuna, kuma idan an faɗa masa al'adar gida tun ranar farko yana kiyayewa. Namu ba ya shiga falo sai ya yi gyaran murya, kuma da ya ga mata za su shiga ruwa sai ya koma ɗaya gefen ya kama gyaran igiya. Kunyar da za ta sa magidanci ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya shiga tekun da bai sani ba, shi kaɗai ne kuma ya ɗan san tuƙi, kunya ce da ya kamata a sake dubawa. Idan shi ne ya zame ya faɗa ruwa, wa zai juyo da jirgin ya ɗauko shi? Wanda yake da takardar shaidar tuƙi ta gaske ma, ina ba shi shawara ya ɗauki matuƙi ko da na kwana biyun farko ne, ya riƙe sitiyari da kansa yadda yake so, amma ya bar mai wurin ya faɗa masa inda zai tsaya.

Kuɗin matuƙin da ake kira asara kuwa, idan aka raba shi tsakanin mutum takwas bai kai abin da kowannenmu ya kashe a tsarabar filin jirgin sama ba, kuma yana daga cikin kuɗin da ake da tabbacin zai shiga gidan wani ɗan ƙasar kai tsaye. A ciki muka samu wanda ya san masuncin da za a sayi kifi a hannunsa da sassafe, ya san lokacin da kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai don kada mu tattake gurbinsa, ya kuma yi mana tafinta da harshen Kiriyol na mutanen ƙasar a inda Turancinmu bai yi aiki ba.

Masu tambayata ta saƙo yadda muka yi da ibada a cikin jirgi, wannan ma Kyaftin ne ya sauƙaƙa mana ko da yake shi Kirista ne. Alƙibla daga can tana arewa ne da ɗan karkata zuwa yamma, jirgin da ke kan anka kuma yana juyawa da iska, don haka kafin kowace salla sai ya duba kamfas ɗin jirgi ya nuna mana da hannu. Ruwan daɗi a tankin jirgi ƙayyadadde ne, kuma a rana ta biyu ya lura muna cinye shi da alwala sau biyar mu takwas. Wani malami a cikinmu ya tuna mana cewa matafiya teku sun taɓa yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan tambaya, ya kuma tabbatar musu cewa ruwan teku mai tsarki ne. Daga ranar Kyaftin ya ɗaura igiya a jikin wani bokiti ya rataye mana shi a matakalar baya, da asuba kowa ya sauka ya ɗebo nasa.