Yadda Na Zama Malam Ɗari-da-Arba'in

Waɗanda suka san ni sun san labarin a-kori-kurar da na karɓa daga hannun surukina, wato farar Hilux ɗin nan ƙirar 2008 mai shan gas, wadda na saya domin ɗauko masara daga gona, saboda haka ba sai na maimaita yadda aka yi cinikin ba. Abin da ya kawo ni shi ne juyen man inji na farko. Da lokacinsa ya yi, sai na raya a zuciyata cewa ba zan miƙa wa bakanike kuɗi ya sayo mini abin da ya ga dama ba, ni da na shekara 19 ina koyar da lissafi a sakandare. Da ƙafata zan je Ƙofar Ruwa in zaɓo man da ya dace.

Hujjata kuwa, a wancan lokacin, ba ta da makusa. Cikin watan Afrilu ne, zafin Kano ya haura digiri 40, kuma duk wanda ya taɓa ajiye man shanu a rana ya san abin da zafi yake yi wa maiƙo. Ga shi ranar da surukin nawa ya ba ni makulli ya ja mini kunne cewa tsohon inji ba ya son tsinkakken mai, in riƙa nema mata mai kauri. Na haɗa wannan da wancan, na fitar da amsa: lambar da ta fi girma a jikin galan, ita ce maganin motar da za ta ɗauki buhuna a cikin rana.

Mai shagon ya fara ɗauko mini 15W-40, ya ce shi ne masu motar gas suke zubawa. Na yatsina fuska. Ya ɗauko 20W-50, na ce an fara zuwa, amma da saura. Can a ƙasan kanta na hango wani galan da ƙura ta lulluɓe, an rubuta 85W-140 a jikinsa, sai na ji raina ya kwanta. Ya tambaye ni, "Malam, giya za ka yi wa?" Na ce masa motar gaba ɗaya zan yi wa. Ya dube ni, ya dubi kuɗin da ke hannuna, sannan ya goge ƙurar da gefen rigarsa, ya haɗo mini guda biyu masu lita huɗu-huɗu, tunda injin yana shan kusan lita bakwai.

Ranar Asabar da hantsi na isa garejin makanikai, lokacin da babu masaka tsinke a ƙarƙashin darbejiyar. An kwance, an tsiyaye tsohon baƙin man, an sauya filta, ni kuma ina tsaye na goya hannuwa a baya kamar mai duba jarrabawa. Oga mai garejin ya ce wa ƙaramin yaronsa, wanda bai fi shekara 14 ba, ya ɗauko man ya zuba. Yaron ya murɗe murfin, ya ɓare takardar da ta rufe bakin galan, sai ya ja da baya kamar wanda kunama ta harba. Wani wari ne ya tashi, irin na ƙwan da ya kwana uku a fashe. Ya sake kai hancinsa a hankali, ya karkata galan ɗin kaɗan, man ya leƙo, ya tsaya a bakin yana shawara, kafin ya sauko a zare ɗaya kamar zumar da ta sha sanyi. Har yau ina ganin zaren nan a idona. Yaron bai yi dariya ba, kuma rashin dariyar ne ya fi ƙona mini rai, domin cikin ladabi ya ɗaga murya yadda har masu gyaran motar da ke can ƙarshe za su ji, ya ce, "Oga, Malam man aksul ya kawo."

Da na yi shiru a nan, da abin ya tsaya a kuskure. Amma ina, alli ya riga ya shiga jini. Na gyara tsayuwa, na karɓi galan ɗin, na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, na shiga yi wa makanikai darasi. Na ce musu harafin W yana nufin nauyi ne a Turanci, kuma duk wanda ya iya ƙidaya ya san 140 ta fi 40. Har na ƙara da cewa ko an tara 15 da 40 ba za su kamo 85 ba, balle a je ga babbar. Na faɗi wannan da bakina, a gaban mutum fiye da goma, cikinsu har da wani tsohon ɗalibina da ya kawo gyaran birki, wanda ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Sai aka ji murya daga kan benci. Baba ne, tsohon direban tankar nan da yake wuni a garejin ba tare da ya kawo mota ko ya riƙe sifana ba. Ya gama tauna goronsa tukuna, sannan ya ce, "Malam, W ɗin nan hunturu ne, ba nauyi ba. Mu da muka kwana a Jos cikin watan Janairu da kaya daga Fatakwal, mun san ta tun kafin ka fara riƙe alli." A nan ne garejin ya fashe. Har mai sayar da rake ya ajiye wuƙarsa.

Oga, Allah ya saka masa, ya danne tasa dariyar, ya jawo ni gefen motar ya yi mini bayani, kodayake da ƙarfin da kowa yake ji. Ya ce lambar farko, wadda ke zuwa kafin W, tana nuna yadda man zai gudu da sanyin safiya, kuma ƙaramarta ita ce mai saurin gudu. Ta biyun kuma kaurinsa ne bayan inji ya ɗau zafi, a digiri 100. Zafin garin da nake tsoro bai kai rabin abin da man yake sha a cikin inji ba. Ya ce ɓarnar inji ta fi yawa a 'yan daƙiƙun farko bayan an tayar da shi, kafin mai ya hau sama, kuma wannan injin yana da turbo, wato abin da ke cusa masa ƙarin iska, wanda ba ya yafe jinkirin mai. Ya ƙara da cewa lambobin man giya ma'auninsu daban ne da na man inji, har 90 ta giya ba ta wuce 40 ko 50 ta inji a kauri ba, amma 140 ɗin da na kwaso ta yi kusan ninki biyu na abin da motar take bukata. Warin kuwa na sinadarin farar wuta ne da ake sa wa man domin haƙoran giya masu gugar juna, kuma babu abin da zai riƙe baƙin hayaƙin gas a cikinsa, wanda shi ne aikin da yake sa man injin gas ya yi baƙi da wuri. Ya nuna mini GL-5, alamar man giya, a jikin galan ɗina, ya ce abin da zan nema shi ne haruffa masu farawa da C bayan rubutun API, wato tambarin ajin mai da ke jikin galan, kamar CF-4 ko CI-4, domin masu farawa da S na motar fetur ne. Yana cikin haka yaron ya buɗe akwatin gaban mota, ya zaro ɗan littafin da ya zo da ita, wanda ban taɓa buɗewa ba, ya miƙo mini da hannu biyu. Ga jadawalin nan an zana da ma'aunin zafi, ga 15W-40 zaune a ciki.

Yaron na yafe masa, aikinsa yake yi. Baba ne ban yafe wa ba. Wannan bawan Allah ni nake cike masa takardun banki, jikansa kuma ni nake yi wa darasin yamma ban taɓa karɓar sisi ba, amma bai iya yafito ni ya raɗa mini a kunne ba. Kuma ku da kuka san shi kun san yadda yake gwada mai: ya lakato da yatsa, ya murza, ya ɗaga a rana, ya yanke hukunci kamar alƙali, alhali mai irin 15W-40 ba a gane halinsa a zafi ta hanyar murza shi da sanyi. Janaretan gidansa kuwa, da tsohon baƙin man da aka tsiyaye daga motocin mutane yake yi masa juye, kuma da idona na ga yaron yana cika masa gora daga nawa. Mutumin da yake ɗura wa injinsa abin da wasu suka zubar, shi ne ya zama malamin hunturu a kaina. Kafin magariba ya kai labarin majalisa, kuma kullum lambar ƙaruwa take yi a bakinsa. Ranar Juma'ar da ta wuce na ji ta kai 240, wai har sai da aka sa cokali aka kwaso man daga galan.

Motar dai tana nan tsaye ciki babu mai, don haka a adaidaita sahu na koma Ƙofar Ruwa da galan biyu a cinya. Mai shagon ya karɓi wanda ba a buɗe ba bayan ya zaftare wani abu, ya ce ai ya tambaye ni. Ɗayan kuma ya ƙi ko taɓa shi. Na tambayi Oga ko za a zuba shi a aksul ɗin, tunda nasa ne, ya ce shi 80W-90 yake sa wa irin wannan motar, kuma na cikinta ma bai daɗe ba. Yanzu yana bayan ƙofar zaure. Na shafa kaɗan a ƙyauren gida da yake ƙara, ƙarar ta daina, sai dai uwargida ta ce tun ranar baƙi suke tambayar ko kaza ta mutu a soro.