Kafin ka tura aiki maɗaba'a: nasiha ga matasa masu zanen talla da ƙawata rubutu

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata da kuka rungumi sana'ar zane, masu haɗa katin biki, fosta, tambarin kamfani, kalandar Ramadan da allon shago. Allah ya yi wa nema albarka. Yanzu duk unguwar da ka shiga za ka samu yaro da PixelLab ko Canva a waya yana karɓar aiki, kuma wannan abin farin ciki ne. Sai dai yawancin asarar da ake tafkawa a sana'ar nan ba daga rashin iya haɗa launi take zuwa ba. Tana zuwa ne daga abubuwan da ba a ganinsu a fuskar waya, sai takarda ta fito daga inji, an riga an buga kwafi 500, mai aiki yana tsaye a kanka.

Mu fara da haruffa, domin su ne ƙashin bayan aikin. Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ga kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda mu a Najeriya muke sa 'y. Mafi yawan zubin haruffan (wato font) da kuke saukewa kyauta daga intanet Turawa ne suka zana su don harsunansu, babu waɗannan a ciki. Idan ka buga ƙ a irin wannan zubi, ko dai manhajar ta aro harafin daga wani zubi daban ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ta sa maka ɗan akwati fanko. Sai mai zane ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya cire lanƙwasar gaba ɗaya, shi ya sa za ka ga ƙaton fileks a wurin taro yana marhabin da "manyan baki" alhali baƙi ake nufi. Kafin ka zaɓi zubi don aikin Hausa, buga haruffan nan huɗu manya da ƙanana ka gani da idonka. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su, haka Andika da Charis da Gentium na SIL, kuma duka kyauta ne har don aikin kuɗi. Idan kuma kanun aikin na buƙatar wani zubi na ado da ba shi da su, to mayar da rubutun zane ka ɗora lanƙwasar da hannunka: ɗauko lanƙwasar saman f na wannan zubin ka haɗa a kan sandar k ko d, domin kaurinta ya zo daidai da sauran.

Larabci ma yana da tasa matsalar, kuma ta fi haɗari. Manhajar da ba a saita ta don rubutun dama zuwa hagu ba takan wargaza haruffa, kowanne ya tsaya shi kaɗai, ta kuma juya jerinsu. Wanda bai yi nisa a karatu ba sai ya ga ai Larabci ne, ya tura. Kada aya ko hadisi ya bar hannunka sai wani malami ya karanta shi a kan ainihin zanen, wasali da ɗigo. Kuma ka riƙa ba mai aiki shawara: takardar talla da za a raba a kasuwa, gobe a ƙunshe ƙosai da ita ko a tattake ta, ba wurin sa ayar Alƙur'ani ba ne. Yawancinsu idan ka faɗa musu da ladabi za su gode maka.

Masu son ƙawata rubutu da hannu, ku sani ba baƙon abu kuka ɗauko ba. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro, da masu zayyanar allon sauka, da masu rubutu a jikin manyan motoci, duk wannan aikin suke yi tun kafin a kawo kwamfuta. Je ka zauna kusa da mai feƙe alƙalami ka ga yadda yake yanka bakinsa a karkace, za ka fahimci dalilin da ya sa layi ɗaya yake fita da kauri wani kuma siriri ba tare da an danna ba: faɗin baki ne da kusurwar riƙo suke yin aikin. Haka abin yake a rubutun boko. Da alƙalami mai faɗin baki, riƙe shi a kusurwar digiri 30 don haruffa masu zagaye a tsaye, ko 45 don masu ɗan kishingiɗa, kuma kada kusurwar ta sauya daga farkon layi zuwa ƙarshe. Tsayin ƙananan haruffa irin a da o da n ana auna shi da faɗin bakin alƙalamin, baki huɗu zuwa biyar. Da alƙalami mai bakin buroshi kuwa dokar ta sauya: danna idan kana saukowa, sassauta idan kana hawa.

Ja layukan jagora da fensir kafin ka ɗiga tawada, layin da haruffa ke zama a kai, layin saman ƙanana, da layin saman dogaye. Masu ganin ja layi aikin 'yan koyo ne su ne rubutunsu ke gangarowa kamar zai zube. Abin da ya fi wahalar koyo shi ne tazara. Ba da ma'auni ake raba haruffa ba, da ido ne: tsakanin sanduna biyu a tsaye, kamar H da I, ana buɗe fili, tsakanin masu zagaye biyu ana matsewa, A da W kuwa sai sun ɗan shiga ƙarƙashin juna. Harafin O dole ya ɗan haura layi sama da ƙasa, in ba haka ba zai yi kama da ya fi sauran ƙanƙanta. Idan kana shakka, juya takardar ƙasa ta koma sama ka duba. Da zarar ido ya daina karanta kalmar, zai fara ganin ramukan da ke tsakanin haruffa.

Idan za ka shigar da rubutun hannu kwamfuta, yi shi da baƙar tawada a farar takarda, a ɗauke shi da sikana a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. In waya ce kawai gare ka, ɗauki hoton a inuwa da rana, wayar tana daidai saman takardar, ba a karkace ba. A manhajojin zane na kwamfuta, PowerTRACE na CorelDRAW ko Image Trace na Illustrator za su bi maka layin, amma suna zuba ɗigon mahaɗa ɗaruruwa, gefen harafi ya yi kaushi, kuma injin yanka sitika zai bi kowane kaushi. Share su. Harafin O mai kyau ɗigo huɗu yake buƙata a waje, huɗu a ciki, a sama da ƙasa da gefe biyu.

Mai rubutu a bango ko allon ƙarfe, ka zana aikin a takarda mai murabba'ai, ka ja irin murabba'an da alli a bangon, sannan ka kwafa gida-gida. Ƙirga haruffan layi har da tazarar kalmomi, ka fara daga na tsakiya ka bazu hagu da dama, don kada ka zo ƙarshe kana matse haruffa uku a wurin ɗaya. Ƙarfe yana son a kankare tsatsa a shafa fentin share fage kafin launi, kuma shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai zubo da hawaye. Lokacin hunturu ka guji yin fentin mai a waje da iska, ƙura za ta manne a jiki kafin ya bushe. Game da girma, ƙa'idar da masu allon talla ke bi ita ce inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. Allon da ake so a karanta daga tsallaken titi, ƙafa sittin, harafinsa kada ya gaza inci shida. Wannan kaɗai ya isa hujjar da za ka ba mai shagon da ke son a jera duk kayan shagonsa da lambobin waya uku a allo ɗaya.

Sai batun launi, inda rigima da masu maɗaba'a ta fi yawa. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Inji kuwa da tawada huɗu yake bugawa, CMYK (C shuɗi-shuɗi, M ja-ja, Y rawaya, K baƙi, lambar da ke bin kowane harafi ita ce kashi nawa cikin ɗari na tawadar), kuma tawada ba ta iya kai hasken da fuska ke kaiwa. Kore mai ƙyalli zai dusashe. Shuɗi mai haske yakan koma ruwan makuba idan M ta matso kusa da C, don haka bar tazarar aƙalla 30 a tsakaninsu, misali C100 M70. Buɗe fayil ɗinka a CMYK tun farko, kada ka bari sai ka gama. Ƙananan rubutu ka yi su da K100 zalla, domin idan ka haɗa su da tawada huɗu, farantin bugun tawada ɗaya ya ɗan goce, za ka ga inuwar ja ko shuɗi a gefen kowane harafi. Babban fili baƙi kuwa K100 kaɗai yakan fito toka-toka, a nan ne ake ƙara masa kamar C60 M40 Y40. Kuma ka tambayi mai injin abin da ya fi karɓar injinsa, ya fi ka sanin halinsa.

Wuƙar yanka takarda ba ta sauka daidai kan layi kullum. Saboda haka launin bango da hotuna su wuce iyakar aiki da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma ya ja baya daga iyakar da milimita 3 zuwa 5. Katin A5 mai 148 da 210 sai ka zana shi a 154 da 216. A fileks ka bar kamar santimita 5 a gefe don naɗi da ramukan igiya, kada a huda lambar wayar mutum. Aikin da za a riƙe a hannu yana son 300 dpi. Fileks da za a kalla daga nesa 100 ma ya wadatar, kada ka kashe kwamfutarka da fayil mai nauyin banza. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, dogon gefensa yakan dawo kusan fiksel 1600, wanda a 300 dpi bai kai santimita 14 ba, alhali fostar A3 tana neman 3508 da 4961. Ce wa mai aiki ya turo shi a matsayin fayil, kai ma haka za ka tura naka. Kafin turawa, ajiye kwafi ɗaya da rubutunsa a buɗe don gyaran gaba, a ɗayan kuma zaɓi komai ka danna Ctrl+Q a CorelDRAW rubutu ya zama zane, domin idan babu zubin haruffanka a kwamfutar maɗaba'a za ta musanya shi da wani. Tsohon CorelDRAW ba ya buɗe fayil ɗin sabo, don haka tambayi wanda suke amfani da shi, ko ka fitar da PDF ka huta.

Yanzu kuɗi. Da yawanku kunya ce ke cinye muku riba. Aboki ne, ɗan unguwa ne, yayan budurwa ne, sai a fara aiki ba a yi ciniki ba, a ƙare da "Allah ya saka da alheri". Addu'a abar so ce, amma ba ta sayen data ko man janareta. Karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗin, kafin ka buɗe kwamfuta. Rubuta yarjejeniyar ko da a saƙon WhatsApp ne: abin da za a yi, girmansa, ranar bayarwa, kuɗi, da cewa gyara sau biyu ne a cikin farashin, na uku da kuɗinsa. Idan ba ka iyakance gyara ba, mai aiki zai nuna wa matarsa, ta nuna wa ƙawarta, kowa ya kawo launin da yake so, aikin awa uku ya cinye mako. Samfurin da za ka tura ya zama ƙarami, da sunanka a kwance a kansa, cikakken fayil sai an cika kuɗi. Kuma ka raba kuɗin zane da kuɗin bugu a lissafi, domin farashin takarda da tawada yana motsi, idan ka dunƙule su hauhawar daga aljihunka za ta fita.

Sunaye, ranaku da lambobin waya mai aiki ne zai turo su a rubuce, kai kuma ka kwafa, kada ka karɓa ta baki ko ta saƙon murya. Muhammad ne ko Mohammed, Aisha ko A'ishatu, ranar Asabar ɗin ta dace da kwanan watan da aka rubuta? Tura masa samfurin ƙarshe ya amsa da "na duba, a buga". Wannan gajeren saƙo shi zai raba ku ranar da aka ga kuskure a katin ɗaurin aure bayan an raba rabi.

Aikin 'yan siyasa yana da maiƙo, amma a karɓi kuɗinsa cif kafin a miƙa. Wanda ya faɗi zaɓe ba ya ɗaukar waya, wanda ya ci kuma ba ka isa ka gan shi ba.

Tambari ya fi fosta tsada ko da ya fi ta sauƙin zanawa, domin shekaru za a yi ana cin moriyarsa a kan buhu, kwali da mota. Kada ka ɗauko na wani a shafin hotuna na Pinterest ka sauya launi ka sayar; ranar da mai aiki ya je yi masa rajista ko mai asalin ya gani, sunanka ne zai ɓaci, kuma cin haƙƙi ne ko ba a gani ba. Gwada kowane tambari da baƙi zalla, ka kuma ƙanƙantar da shi zuwa santimita biyu: idan ya cushe, ba zai yi hatimi ko ɗinkin riga ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, miƙa haƙƙin aiki ga wani sai a rubuce, saboda haka ku fayyace tun farko ko ainihin fayil ɗin da ake iya gyarawa yana cikin ciniki ko kuɗinsa daban. Masu neman aiki a Fiverr, shafin intanet da ke haɗa masu sana'a da masu ba da aiki, ku kuma ku sa a lissafi cewa kashi 20 cikin ɗari na shafin ne, sauran ma sai ya yi kwanaki kafin ku iya cira.

Kowane aiki ka ba shi jaka da sunan mai shi da shekara, ka ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Makarantar da ka yi wa takardar shaida bana za ta dawo baɗi tana son a sauya shekara da sunan shugaba kawai, aikin minti goma idan fayil ɗin yana nan, aikin kwana guda idan ya tafi da wayar da aka sace.